Aiki a Agadas ko zama Damagaram? Ga lissafin da na yi wa ƙanena

Ranar Laraba bayan isha'i ƙanena ya bugo min waya, tun kafin mu gama gaisawa na ji muryarshi na rawa dan murna, wai Yaya an kira ni aiki a Agadas. Mai kula da magazin ne, wato sito, a wani kamfani da ke kai wa masu haƙar ma'adinai kaya, kuma albashin da suka faɗa mishi ya kusa ninka wanda yake ɗauka nan Damagaram. Matarshi na da ciki wata biyar, babban ɗanshi bana zai shiga lakwal, Inna kuma kun san jikin tsufa, yau lafiya gobe ƙafa. Ya ce Yaya kai da ka zauna can me ka gani, in tafi ko in zauna? Shekara huɗu na yi ina aiki a Agadas kafin in dawo gida, ina son garin nan har cikin raina wallahi, shi ya sa ban iya ce mishi tafi ko kar ka tafi a waya ba, sai da muka zauna na jera mishi abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Kuma na san ba shi kaɗai ba ne, kowace shekara akwai malaman makaranta da ma'aikatan likita da direbobi da aiki ke kaiwa arewa daga Damagaram da Maraɗi da Tawa, har da ƴan'uwanmu na Kano da Katsina masu aikin hannu, to ga abin da na gaya mishi.

Abu na farko da na cire mishi daga kai shi ne zancen sanyin duwatsu. Ya ga hotunan Abzin, ya ga lambunan Timiya da lemu da rumman, sai ya ɗauka Agadas gari ne bisa dutse mai iska. A'a. Agadas a gindin duwatsun take, a fili, tudunta wajen mita 500 ne da ƴan kai daga teku, kusan ɗaya da Damagaram. Dutsen gaske yana can ciki, Bagzan mai mita 2,022 wanda duk Nijar babu wanda ya kai shi tsawo, da Timiya da Iferwan, kuma waɗannan tafiyar yini ce a mota mai ƙarfi kan turba marar kwalta. A cikin gari watan Mayu da Yuni kusan kullum zafi sai ya haura digiri 40. Za ka ce ai mu ma nan Afirilu da Mayu haka muke sha, gaskiya ne, amma mu da ruwan farko ya sauka a Yuni ko Yuli gari ya yi sanyi an huta, can kuwa zafin yana nan yana dukan mutum har Satumba, Oktoba ma da saura. Damagaram tana samun ruwan sama wajen milimita 400 a shekara, Agadas ko rabin haka ba ta samu, yawanci ɗari da wani abu ne kuma kusan duka a Yuli da Agusta yake zuba.

Sai sanyi. Disamba da Janairu da asuba, ruwan alwala kamar an ciro shi daga firij, iska busasshiya leɓe ya tsage ƙafa ta yi faso, cikin duwatsun kuwa dare kan kai kusa da sifili. Wannan ba abin tsoro ba ne, bargo da man shafawa sun ishe ka. Abin da nake so mai iyali ya duba da kyau shi ne ƙura da kunama. In kana da yaro mai asma ko ciwon ƙirji ka yi tunani sau biyu, guguwar rairayi in ta taso da rana tsaka gari sai ya yi ja kamar magariba. Kunamar arewa kuma ba irin tamu ba ce da za a shafa magani a kwanta, tana kashe ƙananan yara, lokacin zafi da kowa ke kwana a tsakar gida ne ta fi fitowa, dole gado mai ƙafa da gidan sauro da kakkaɓe takalmi kafin a sa. Sauro dai ya fi sauƙi a can, amma bayan damina zazzaɓin cizon sauro yana nan, kar wani ya ce maka babu.

Kuma duk da ƙarancin ruwan, in ka tashi neman gidan haya ka tambayi inda ruwa ke bi. Ruwan da ya zuba kan duwatsun Abzin ba ya tsayawa, ƙoramar Telwa ke kwaso shi ta gangaro gefen gari, a farkon Satumbar 2009 ta ɓalle ta cinye unguwanni, dubban gidajen ƙasa suka zube. Gida mai arha a cikin kwari ba arha ba ne.

Yanzu ga maganar da ta fi komai, wadda na fi daɗewa a kanta da shi har shayinmu ya huce. Ba tambayar nawa za su biya ka ba ce, tambayar ita ce kuɗin da za su biya ka daga ina yake fitowa, kuma zai kai shekara nawa yana fitowa. Arzikin Agadas zuwa yake kamar ruwan ƙorama, ya cika gari kowa ya sha, wata rana a tashi a ga yashi. Ka duba. Shekarun 1980 Turawa ƴan yawon buɗe ido ne, tseren motocin Paris zuwa Dakar yana ratsa gari, masu otal da direbobi da maƙeran azurfa suna cikin daula, tawayen 1990 zuwa 1995 ya taɓa harkar, ta fara farfaɗowa na 2007 zuwa 2009 ya sake taɓa ta, da aka sace ma'aikatan kamfanin uraniyom a Arlit a 2010 kuwa shi ke nan baƙi suka ɗauke ƙafa. Sai jigilar masu tafiya Libiya ta riƙe gari, mai mota da mai gidan kwana da mai sayar da jarka da mai tuwo kowa na ci, aka kafa doka a 2015 aka fara aiki da ita a 2016, aka kama motoci aka rufe mutane, sai a Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. Zinariyar Jado ta fito a 2014 samari suka yi ta kwarara har daga Cadi da Sudan, a 2017 hukuma ta rufe wurin. Kamfanin Cominak na Akokan da ya yi sama da shekara 40 yana haƙo uraniyom ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata ɗaruruwa da ƴan kwangilar da ke ƙarƙashinsu suka koma gida. Sojan Amurka sun gina sansani babba a bakin gari, ƴan gari da yawa sun samu aikin gini da shara da girki da tafinta, a Agustan 2024 suka kwashe kayansu suka tafi. Ma'adinar uraniyom ta Imuraran an karɓe lasisinta daga hannun kamfanin Faransa Orano a Yunin 2024, Somaïr mai haƙar uraniyom a Arlit kuma gwamnati ta mayar da ita ta ƙasa a 2025. Ban kawo wannan dan in ce wane ya yi daidai wane bai yi ba, na kawo ne dan duk wanda na sani da ya sha wuya a Agadas ba zafi ne ya kore shi ba, aikin ne ya ƙare ba zato alhali ya kwaso mata da yara ya sayar da ɗan abin da yake da shi a gida.

Saboda haka aiki a can kala uku ne a wurina. In gwamnati ce ta tura ka, malami ko ma'aikacin lafiya ko na kuɗi, albashinka kusan ɗaya ne ko kana Agadas ko kana Mirya, ba ya ƙaruwa a zo a gani amma kuma ba ya ƙafewa, matsalarka tsadar rayuwa ce kawai da nisan gida. In ONG ce, wato ƙungiyar agaji mai zaman kanta, ko wata ƙungiyar waje, kuɗin da kyau amma furoje ne, yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma tun 2023 an ga ƙungiyoyin da aka ce su tattara su tafi cikin ƴan kwanaki. In kuma kamfani ne mai kwangila a ƙarƙashin wani kamfani, irin na ƙanena, to nan ne ake buɗe ido sosai, dan ranar da babban ya yi tari ƙaramin ne ke kwanciya. Na ce mishi kafin ka ce to, su ba ka kontra, wato takardar yarjejeniyar aiki, a rubuce ka karanta a nan gida, CDD ce mai wa'adi ko CDI marar wa'adi, wata nawa ne gwaji, za su yi maka rajista a CNSS, asusun fanshon ma'aikata, ko a'a, gida a kansu yake ko a kanka, in ka yi rashin lafiya wa ke biya, hutu sau nawa a shekara kuma kuɗin mota na wa. Sannan a ina aikin yake takamaimai, dan mutane da yawa an ce musu Agadas sai da suka isa suka tarar Arlit ce, kilomita 240 gaba, ko wani sansani a daji da sai ka yi sati uku ba ka ga gari ba. Jihar Agadas ta fi rabin ƙasar Nijar girma, kalmar Agadas a bakin mai ɗaukar aiki ba lallai tana nufin cikin gari inda hasumiyar babban masallaci take ba. Wanda ya ce maka taho kawai in ka zo ma yi magana, kar ka hau mota. Mafi ƙarancin albashi a doka sefa 42,000 ne tun farkon 2024, amma wanda ba shi da takarda ko wannan ba shi da inda zai kai ƙara a kanshi.

Sai lissafin tukunya. A ce misali nan kana ɗaukar jika 120 can an ce jika 220, ido zai ga ƙarin jika 100. To cire haya, dan nan cikin gidan gado kake ba ka biyan ko dala. Cire abincinka kai kaɗai a can, ga kuma cefanen gida nan bai ragu ba sai da loma ɗaya, tukunya biyu ke nan. Cire kuɗin mota zuwa da dawowa ko da sau ɗaya a wata biyu, da tsarabar da ba za ka shigo gida hannu rabbana ba, da kuɗin aike ta Nita ko Amana, da katin waya dan za ka yi ta kira. Abin da ya rage shi ne ƙarin gaskiya, kuma sau da yawa bai kai rabin abin da ido ya gani ba. Gero da dawa da wake da masara duk daga kudu ake hawa da su, daga Damargu da Damagaram da Maraɗi, dole tiya ta fi tsada a can, itace da gawayi ma haka. Amma akwai abin da ya fi sauƙi, kayan Aljeriya da Libiya, taliya da madarar gari da man girki da dabino da barguna, sai dai farashinsu yana bin lafiyar iyaka, in an rufe ko an tsananta sai su haura. Kayan lambu kuwa abin mamaki ne ga baƙo, albasar Tabelot da dankalin turawa da tafarnuwa daga Bagzan, lemun Timiya lokacin sanyi, tumatir daga lambunan bakin Telwa, ga naman raƙumi ga cuku. Wanda ya iya girka wa kanshi zai ci da kyau, wanda kullum sai gidan abinci albashin zai tafi a faranti.

Hanya kilomita wajen 450 ce daga Damagaram, ka wuce matatar mai ta Soraz, ka wuce Tanut, Adarbisnat, ka sauka Tigidit sannan Agadas. A taswira ba nisa, amma kar ka lissafa ta da awa kamar hanyar Maraɗi, ka tambayi direbobin tasha halin da kowane yanki yake ciki a watan da za ka tafi, yini guda dai ka ware mata. Daga Yamai kuwa kusan kilomita 950 ne ta Dosso da Konni da Tawa da Abalak, kuma hanyar Tawa zuwa Arlit da ake kira hanyar uraniyom ta daɗe da lalacewa. Akwai filin jirgin Mano Dayak, amma kuɗin jirgi ba na mai albashi irin namu ba ne. Abin da wannan yake nufi a aikace, in aka kira ka da dare aka ce Inna ba lafiya ko madam ta fara naƙuda, ba za ka iso ba sai gobe da yamma in Allah ya sa an samu mota. Ni rasuwar kawunmu a waya na ji ta, na iso an riga an kai shi, har yau abin yana min ciwo.

Ruwa da wuta ba zan ce wani gari ya fi wani ba, ɗan Damagaram ba a koya mishi jiran famfo da tsakar dare ko sayen ruwa wurin ƴan garuwa. Agadas ma lokacin zafi unguwannin gefe suna shan wannan wahalar, dan haka ka tambayi maƙwabta kafin ka biya haya, ba mai gidan ba. Wutarsu daga tashar gawayin Sonichar take zuwa, can kusa da Cirozerin, ba ta haɗe da layin Najeriya, shi ya sa lokacin da aka yanke wa Nijar wuta daga Najeriya a Agustan 2023 mu ne nan kudu muka fi ji a jika. Sai dai tashar tsohuwa ce kuma ita ke ba ma'adinan Arlit, ɗaukewar wuta a bazara ba baƙon abu ba ne. Rana dai akwai ta har ta yi yawa, ƙaramin sola da batir da fanka ɗaya suna canza wa mutum rayuwa.

Likita kuwa Damagaram ta fi, wannan ba gardama. Nan muna da babban asibitin ƙasa, Agadas asibitin jiha ne da cibiyar uwa da yaro, ciwon da ya fi ƙarfinsu sai a turo mutum nan ko Yamai kan waccan hanyar da na faɗa. Mace mai ciki wata biyar da uwarta da ƴan'uwanta ke kusa, ban ga dalilin ɗaga ta yanzu ba. Makarantu akwai su, na gwamnati da masu zaman kansu da islamiyyu, har jami'a an buɗe a 2014, yaro ba zai rasa karatu ba in an koma daga baya.

Tsaro, mutane suna tambaya kamar gari ne na yaƙi. Cikin gari ni dai na yi shekara huɗu ina zuwa masallaci da asuba ina dawowa hira da dare ba abin da ya taɓa samuna. An taɓa kai hari barikin soja a Mayun 2013, kuma a 2025 an sace Turawa mata biyu a cikin gari, amma ɗan ƙasa mai neman abincinshi hatsarinshi a hanya yake, hanyoyin wuraren zinariya da ta Dirku da ta iyaka inda ƴan fashi ke tare motoci, shi ya sa masu tafiya Dirku suke jiran rakiyar soja. In aikinka na zama ne a gari, magana ɗaya ce. In na bin mota ne cikin daji, ka tambaya da rakiya ko babu, kuma kar ka yarda da tafiyar dare ko patoro ya matsa.

Duk da wannan jerin, kar ka ɗauka ina hana mutum zuwa. Agadas ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe, Hausa ita ce harshen kasuwa da na unguwa, Agadasawa da ita suke tashi, sai dai kunnenka zai ɗan saba da karinsu, kuma in ka koyi gaisuwa da Tamashek ko kalma biyar ce za ka ga yadda fuskar Abzinawa ke sakewa. Tun zamanin ayarin gishirin Bilma kakanninmu da nasu suke cinikin gero da gishiri da dabino, ba yau aka fara ba. Gari ne mai mutunci da kunya, ba a ɗaga murya, ba a gaggawar shayi, sai an sha na ɗaya da na biyu da na uku. Ranar da na fara tsayawa gindin hasumiyar babban masallaci, mita 27 ta ƙasa zalla, tun 1515 aka kafa ta aka sake gina ta a 1844, na ji wani abu a ƙirjina da ban iya faɗa. Tsohon garin da fadar Sarkin Abzin UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2013. In Muharram ya kama ka ga Biyanu, gari kaf ya fito da ganguna da rawani da rassan dabino, in Satumba ta zo ka leƙa Ingal wurin taron makiyaya. Kuma a wajen aiki, abin da na koya a shekara huɗun nan na ma'amala da Larabawa da Tubawa da mutanen ƙasashe barkatai shi nake ci har yau, kuɗin da na fara gini da shi ma daga can ne.

Wani abokinshi ya zuga shi wai in dai arewa ce gara ya zarce Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya. Eh, ita kam gari ce ta dutse ta gaske, wajen mita 1,400 cikin duwatsun Hoggar, ta fi Agadas sanyi, kuma Hausawa na can da yawa. Amma wata ƙasa ce, in ba ka da takardun zama da na aiki kullum a ɓoye kake, kuma duk wanda ya zauna Agadas ya ga motocin da ke kawo mutanen da aka koro, waɗanda ake saukewa a daji su taka wajen kilomita 15 a ƙasa zuwa Asamaka, garin Nijar na bakin iyaka. Aiki mai kontra a ƙasarka ba a haɗa shi da wannan.

To zama gida fa? Damagaram ba haya, ga dangi, ga gonar gado da ke ba da ko buhu nawa ne, ga Kano kilomita 240 ga mai ɗan kasuwanci a gefe, ga asibiti. Amma gaskiya ita ce shekara shida ƙanena yana wuri ɗaya albashi bai motsa ba, yara na ƙaruwa, kuma irin wannan kiran ba kullum yake zuwa ba. In na ce mishi zauna dan tsoro na cuce shi.

Abin da na ce mishi a ƙarshe, in sun ba da kontra a rubuce da CNSS kuma aikin cikin gari ne ko sun ɗauki nauyin wurin kwana, ka tafi, amma kai kaɗai. Iyali su zauna wurin Inna har a haihu a yi suna a yi arba'in. Kar ka sayar da babur, kar ka saki ɗan shagon da kake haɗin gwiwa a kai, gida biyu maganin gobara. Ka nemi tsohon wurin aikinka ku rabu lafiya, ka yi musu sallama ta mutunci. Ka yi bazara ɗaya cikakkiya a can, daga Afirilu zuwa Satumba, ka ga albashi ya shigo kan lokaci wata shida a jere, ka ajiye kuɗin wata uku a gefe da ba ka taɓawa, sannan mu sake zama mu yi maganar ɗauko iyali. In kuwa sun ƙi ba da takarda, ko suka ce sai ka iso, ka ce musu ka gode.

Jiya ya turo min hoton kontrar, CDD ce ta shekara ɗaya, gwaji wata uku, CNSS a ciki, gida babu amma akwai kuɗin haya a kai. Layi ɗaya ne bai min ba, inda aka rubuta wurin aiki an sa jihar Agadas ba garin Agadas ba. Na ce ya koma musu su gyara wannan layin su rubuta sunan gari kafin ya sa hannu, ni kuma na kira tsohon maƙwabcina a can ya fara duba mishi ɗaki a unguwar da ruwa ba ya kwanciya.